Hotonta na da kyau, amma ba ta jure aikin biki

Zan fara da abin da ta iya, don kada in zalunce ta. Kyamarar nan marar madubi (mirrorless, sabon samfurin da ba shi da madubi a cikinsa) da na saya ta hannu tana fitar da launin fata yadda Allah ya yi shi, ba ta mayar da baƙar mace toka-toka. A zauren dina, inda fitilu ke canja kala, da kanta take kama idon amarya ta bi shi ko ana tsakiyar rawa. Ga rashin nauyi. Duk wanda ya taɓa rataya tsohuwa mai madubi tun daga kamu har kai amarya ya san ciwon wuyan da nake nufi. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ta sha aiki kafin ta iso hannuna, kuma abokan sana'a masu riƙe da wasu samfuran suna irin wannan kukan.

Babban laifinta zafi. Yawancin kyamarori an rubuta a littafinsu cewa daga digiri 0 zuwa 40 suke aiki lafiya, mu kuwa a Kano watan Afrilu yakan haura 40. Ɗaurin aure kuma sau da yawa bayan sallar Juma'a ake yi, a ƙofar masallaci, rana na tsaka. In na sa ta bidiyon 4K, wato mai tsananin fitowa sarai, ba a jimawa alamar zafi za ta fito a allo, daga nan sai ta kashe kanta. Ta taɓa yi mini haka daidai lokacin da waliyyi yake bayarwa wakilin ango yana karɓa. Wa zai ce wa liman ya maimaita siga don kyamara ta huce? Ranar da kunya na je wurin uban ango, na kuma rage masa kuɗin aiki, amma ragin bai dawo masa da abin da ya wuce ba.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Da Canon ya fitar da EOS R5 a 2020, masu ɗaukar bidiyo a duniya sun yi ta ƙorafin tana zafi a 8K, har kamfanin ya riƙa sabunta manhajar cikinta don a samu sauƙi. An cusa aiki mai yawa a ƙaramin jiki marar fanka, zafin bai da hanyar fita. Dabarun da nake yi su ne janye allon baya daga jikinta, rufa mata farin ƙyalle, da rage ingancin bidiyon zuwa 1080. Suna jinkirta mutuwar ne kawai.

Sai ƙura. Da hunturu ya kama, iskar da ke kwaso ƙura daga yankin Bodele na Cadi ba inda ba ta shiga. Wannan marar madubin kuwa, da ka cire lensi, sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, a buɗe take, ba abin da ya tare ta. Ba za ka ga ɓarnar ba sai ka matse ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, sannan ɗigo-ɗigo su bayyana a sararin sama ko a farar babbar rigar ango, ka kwana kana gogewa a kwamfuta hoto bayan hoto. Masu Nikon D600 ta 2012 sun sha irin wannan, su nasu ma daga cikin kyamarar dattin yake fitowa, har a 2014 kamfanin ya amince ya canja musu shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an ɗauki hoto, kyauta ko da garanti ya ƙare. To wanda ya sayi ta hannu a nan, wa zai kai wa kuka?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daskarewa. Haka kawai sai ta tsaya, maɓallin kashewa ma ba ya aiki, sai an zare batir. Duk hoton da bai gama sauka a memori ba ya tafi, bidiyon da ake cikin ɗauka kuma yakan ƙi buɗewa. Ramin memori ɗaya gare ta, babu na biyu da zai riƙe kwafi, ga jabun memori sun cika kasuwa. Batir ma ba ya daɗewa, tunda allo da wurin leƙawa da ido duk wuta suke ci. Sai da batura cike da aljihu nake fita.

Mai gyara ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya wanke sensa, ya goge ƙarafan da ke haɗa lensi da jiki, daskarewar ta ragu. Sauran kuma sai an yi odar kaya daga Legas ko waje, a farashin dala.

'Yan'uwa masu sana'a, in aikinku na situdiyo ne, cikin inuwa da fanka, za ku ji daɗinta. Mai aikin biki kuwa ya nemi mai ramin memori biyu, ya duba adadin bugun shota kafin ya biya, domin matsakaitan kyamarori a kan bugu 100,000 zuwa 200,000 ake ƙiyasta su. Ya kuma sa ta bidiyo a gaban mai shago ta yi rabin awa, ya ga ko za ta mutu. Ni dai yanzu tsohuwata mai madubi nake ɗauka zuwa ɗaurin aure, wannan sai dare ya yi nake fito da ita wajen dina.