Tayar sanyi da na saka a Montreal: tayar ta biya ni, masu ɗaurawar ne suka ɓata min rai

Salam jama'a, musamman 'yan uwanmu da ke nan Kanada da waɗanda suka shigo kwanan nan. Ana ta tambayata wace taya na saka wa motata a sanyin da ya wuce, to Nokian Hakkapeliitta R5 ce, marar ƙusa, guda huɗu, a ƙaramar motata mai jan gaba. Kuɗinsu kun dai san shi ba sai na faɗa ba, duk wanda ya leƙa shagunan nan a watan Oktoba ya san ba arha, ni ma sai da na yi ta jujjuya maganar tsakaninta da wasu tayoyin sanyin, Blizzak da X-Ice Snow, kafin na rufe ido na biya.

A nan Quebec, lardin da Montreal take ciki, dama ba maganar ra'ayi ba ce, doka ce. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayar sanyi, mai tambarin dutsen nan mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300 na jiranka. Wadda aka rubuta wa M+S (wato ta laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ta shiga lissafi. Amma wallahi tarar nan ita ce mafi ƙanƙantar abin da ya kamata mutum ya ji tsoro, ni dai abin da idona ya gani ya sa nake faɗin haka.

Wata safiya ce a Janairu, irin ranar da ake ruwan nan mai daskarewa, wato yana saukowa a ruwa amma yana taɓa kwalta ko gilashi sai ya zama ƙanƙara nan take. Ba dusar ƙanƙara ba fa, dusa ai da sauƙi, kana ganinta fara kuma taya na samun abin cizo. Wannan titi za ka gani baƙi wuluk yana sheƙi ka ɗauka jiƙa kawai ya yi, alhali kamar an kwarara miyar kuɓewa a kan tayil ne. Mun fito da uwargida da yara a baya, muna saukowa gangaren titin Côte-des-Neiges wajen da yake zubowa cikin gari, wanda ya san wurin ya san gangaren ba na wasa ba ne, kuma motar gishiri ba ta riga ta bi ta layinmu ba. Ina tafiya a hankali sosai na bar tazara, gabana wata jif ce babba sabuwa dal. Danja ta ba da ja a ƙasa, mai jif ya taka birki, kawai sai na ga bayan motarsa ya fara juyowa a hankali a hankali har ta tsaya a gicciye tana ci gaba da sulalewa, fitilar birkinsa a kunne amma motar ba ta ma san ana yi ba, ta je ta daki gefen titi ta hau dusar da aka tara ta tare rabin hanya. Uwargida ta ce "innalillahi, Abbansu birki, birki!" Na taka na danne ban ɗaga ba, ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa in an danne birki, ya fara kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata gir-gir-gir, sitiyari na hannuna yana jin magana, na ɗan karkata dama motar ta bi, sai ji na yi tana ragewa tana ragewa har ta tsaya cak. Tsakanina da ƙofar jif ɗin nan mutum zai iya wucewa a tsaye amma ba da yalwa ba. Yara ma ba su gane me ya faru ba, ƙaramar tana ta cin biskit ɗinta, ni kuwa hannuna rawa yake, uwarsu sai salati take ta kasa dainawa.

Na fito in duba mutumin, Alhamdulillahi ba abin da ya same shi sai firgici. Da na kalli tayarsa, tambarin dutsen yana nan raɗau, wato a wajen 'yan sanda ba shi da laifi, amma zanen ya suɗe ya kusa shafewa. Yana ta nanata min motar mai jan ƙafa huɗu ce, ya aka yi haka. Ai jan ƙafa huɗu wajen tashi da hawa yake taimako, in aka zo tsayawa kowace mota ƙafa huɗu take taka birki, abin da ya rage kawai shi ne robar da ke taɓa ƙasa. Don Allah masu sayen jif su ji wannan da kyau, don na ji da yawa cikin namu suna cewa su ba ruwansu da taya mai tsada tunda motarsu babba ce. Wanda ya ga bidiyon nan na Disamban 2016 a gangaren Beaver Hall da ke nan Montreal, inda bas-bas na haya da motar 'yan sanda har da motar share dusa suka riƙa sulalowa suna karo da juna, ya san girman mota ba ya hana komai.

Ranar nan na daina jin zafin kuɗin da na biya. Robar tayar nan ko a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri in ka danna da farce za ka ji tana lotsawa, ita kuwa tayar yau da kullum tun daga wajen digiri 7 take fara taurarewa. Ga wasu 'yan ƙananan tsage-tsage birjik a jikin kowane ƙullin zanen, su ne ke buɗewa suna kama ƙasa suna kwashe ɗan ruwan da ke kwance a saman ƙanƙara, wanda shi ne asalin santsin. Mutanen Finland ne ke yinta kuma kamfanin tun 1934 yake harkar tayar sanyi, sun san abin da suke yi. Wani abu da ya burge ni, akwai lambobi a tsakiyar zanen da ke nuna milimita nawa ya rage, da ɗan hoton furen ƙanƙara wanda in ya goge to zanen ya yi ƙasa da milimita 4, ka san ta gama aikin sanyi ke nan ko da doka ba ta kama ka ba, don ita doka sai a 1.6 take magana.

To amma fa duk lokacin da na tuna garejin da suka ɗaura min sai raina ya sake ɓaci. Bayan wannan abin da kwanaki, wani ɗan uwa ɗan Nijar da ke tuƙin tasi a nan ya tsugunna yana duba tayoyin don shi ma yana son saye, sai ya ce min "Malam zo ka gani, wannan ta bayan a juye take." Ashe tayar mai alkibla ce, akwai kibiya a gefenta da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, su kuma sun ɗaura ɗaya kibiyar na kallon baya. Wato da taya a juye na sauko gangaren nan da iyalina a ciki. Jama'a wannan wane irin sakaci ne? Mutum ya yi rajistar rana tun da wuri, ya je ya zauna kusan wuni guda a ɗakin jira don sun karɓi motocin da suka fi ƙarfinsu, ya biya kuɗin ɗauri da na balans da na rim ɗin ƙarfe, a ƙarshe ko kibiya ba a duba ba. Da na koma kuma maimakon a ba ni haƙuri sai yaron kanta ya ce sai dai in sake yin layi mako mai zuwa, kuma wai ba wata matsala ba ce babba. In ba matsala ba ce me ya sa aka zana kibiyar? Sai da na ɗaga murya manajan ya fito sannan aka gyara a ranar. Nan ma da na duba lambobi huɗun nan na ƙarshe a jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, biyu na shekarar ne, biyu kuma tsohon ajiya ne da suka daɗe a sito, kuma kuɗi ɗaya aka caje ni ba wanda ya ce min uffan. Ga fitilar iskar taya da ta zauna a kunne a dashbod duk sanyin saboda rim ɗin da suka sayar min ba sensa, shi ma ba su faɗa min ba sai da na gani da idona. Dole na sayi geji nake aunawa da kaina, dama iskar na raguwa duk lokacin da sanyi ya ƙaru.

Shi ya sa in aka ce in ba da maki sai in rasa ta cewa, don abin da na saya ba taya kaɗai ba ce har da aikin, kuma aikin bai yi ba ko kaɗan. Sannan kar wani ya ji labarin nan ya ɗauka tayar sanyi marar ƙusa na mayar da ƙanƙara kwalta. A'a, kowace iri ce in ka shigo da gudu za ka tafi, ni ma tazarar da na bari ta yi rabin aikin bayan kiyayewar Allah. Wanda ke zaune a ƙauyukan waje inda ba a zuba gishiri sosai gara ya duba mai ƙusa, a Quebec an yarda da ita daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, sai dai ƙara a kan busasshen titi, wasu wuraren fakin na cikin gini ba sa karɓarta, mazauna Toronto da kudancin Ontario kuma ba a ma yarda su saka ba. Man mota ma za ka ga yana ɗan ƙara tafiya, wannan duk tayar sanyi haka take.

Kuma kar a yi gaggawar cirewa don 15 ga Maris ta wuce. Ruwan ƙanƙarar da ya kakkarya bishiyoyi ya jefa gidaje sama da miliyan ɗaya cikin duhu a 2023 ai ranar 5 ga Afrilu aka yi shi. Ni sai gari ya zauna sama da digiri 7 sosai nake cirewa, amma kuma ba na barinta ta shiga zafi don robar mai laushi ce, kwalta mai zafi cinye ta yake. Wannan ma ya sa nake gaya wa ƙannena a Kano in za su sayi taya 'yar Beljiyam su duba gefenta, in sun ga dutsen nan da furen ƙanƙara su ajiye ta, ba don zafin hanyar Kano zuwa Maiduguri aka yi ta ba komai kyan zanenta.

In waɗannan sun ƙare zan sake sayen irinsu in Allah ya kai mu, amma guda huɗu rana ɗaya, in duba shekarar kowace kafin in biya, in kuma zagaya motar in ga kibiya kafin in karɓi makulli. Garejin can kuwa har tayoyin zafina da na ba su ajiya na je na kwaso, kuma har yau ragowar kuɗin ajiyar da suka ce za su mayar min ban gan shi ba.