Sharhi: Wata huɗu da sauya fulot ɗin tankin jirgina

Ina da jirgin ruwa na faiba mai injin Yamaha da nake jigilar fasinja da shi a Yawuri. Tankinsa a ƙarƙashin daɓe yake, mai cin lita 100, don haka ba ni da idon ganin fetur sai geji, wanda ke samun karatunsa daga fulot, wato na'urar da ke cikin tanki tana auna yawan fetur. Bara gejin ya fara rawa. Igiyar ruwa kaɗan, allura ta tashi daga rabi ta faɗi ƙasa, ta sake miƙewa. Na yi ta haƙuri har ranar da injin ya mutu a tsakiyar ruwa, allura na nuna kwata, ga mata da yara a ciki. Duk wanda ya san tafkin Kainji ya san kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam a 1968. Ba wurin da za ka bar iska ta ja ka ba ne. Allah Ya kiyaye, wani mai kwale-kwale ya kawo mana jarka.

Abin da na fara yi shi ne sayen sabon geji, kuma kuɗin ya tafi a banza. Na cika tanki fal, allura ta kwanta kusa da E, alamar ba komai. Sai da na kira mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin lantarki, ya ce mini, "Maigida, ba jinsi ɗaya ba ne." Ashe tsari biyu ne. Fulot ɗin Amurka yana ba da om 240 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki) idan tanki ba komai, 33 idan ya cika. Na Turai kuwa daga wajen 10 yake hawa zuwa 180. Ka haɗa gejin wannan da fulot ɗin wancan, karatun ya juye.

Ya mayar da tsohon gejin ya gwada a gabana. Ya cire wayar da ke zuwa daga tanki, allura ta faɗi E. Ya taɓa wayar da nagetif ɗin batir, allura ta haye F, alamar cika. Lafiyarsa lau ke nan. Laifi biyu ya samo a wajen tankin. Wayar at, wato wadda ke mayar da wuta zuwa nagetif ɗin batir, ta yi kore da tsatsa, ita ke sa rawar, domin jirgin faiba ba kamar mota ba ne da jikinta ke ɗaukar at, wayar nan kaɗai ce hanya. Sannan tsohon fulot mai hannu ya cinye daga ciki, yana maƙalewa daidai kwata. Ya sa mita yana ɗaga hannun a hankali, lamba tana tsalle maimakon ta sauka sannu a hankali.

Fulot ɗin da na sa yanzu bututu ne miƙaƙƙe na ƙarfen da ba ya tsatsa, da zobe mai maganaɗisu da ke hawa da sauka a jikinsa. Ba hannun da fetur zai riƙa kaɗawa. Mun auna zurfin tanki muka zaɓi wanda ya gaza da kamar inci ɗaya. Ramukan kusoshinsa biyar tazararsu ba ɗaya ba ce, ta fuska ɗaya kawai suke zama, kada a tilasta. Kafin a buɗe tanki kuma mun cire batir, mun kori masu sigari daga bakin gaɓa. Tururin fetur a cikin jirgi ƙasa yake kwanciya.

Na gamsu da shi ƙwarai. Ko a iskar damina allura ba ta firgita ni. Abin da ya rage ban so ba shi ne yana sauka mataki-mataki, sai ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe sannan ya motsa. Kuma idan jirgi ya ɗaga hanci a guje, fetur ya taru baya, karatun yakan canza, don haka a tsaye nake dubawa.

Ranar da muka ɗaura shi na zuba fetur lita 20-20 a busasshen tanki ina rubuta inda allura ta tsaya. Nan na gane rabin geji a tankina lita 40 ne, saboda ƙasansa a tsuke yake. Takardar na liƙa ta kusa da sitiyari, jarkar lita 25 kuma tana ɗaure a baya kullum.