Tsohon mai gyara na bayan babbar kasuwa ya san yaren modem

Shagon buga takardu gare ni a unguwar Zariya, kuma har yau akwai ƴan kasuwa biyu da ba su yarda da komai sai fakis. Shekara da shekaru wani tsohon modem na kamfanin US Robotics, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ke yi mini wannan aiki, har daminar bana aradu ta bi layin tarho ta gasa shi. Na sa aka kawo mini sabo daga Kano, ɗan ƙarami mai USB. Fitila na kamawa, amma da manhajar fakis ta taɓa shi sai ya ce ERROR. Wanda ya sayar mini ya ce layina ne. Ƙarya.

Wani direban kabu-kabu ya kai ni wurin tsohon. Shagon ƙura ce da gawarwakin kwamfuta har rufi, kujera ɗaya, ita ma ƙafa uku. Bai kwance komai ba. Ya buɗe baƙin allo ya rubuta AT, haruffan da ake fara wa modem umarni da su, modem ya amsa OK.

"Ɗana, lafiyarsa lau. Yaren wani kuke yi masa."

Na ce, "Baba, ba duk AT ɗin ɗaya ba ne?"

Nan fa karatu ya tashi. Ya ce tun 1981 da kamfanin Hayes ya fito da Smartmodem kowa ya kwaikwayi gaisuwar: ATZ, ATDT, ATH. Daga nan kowane gida ya ƙara nasa. Manhajata tana aika &H1, wanda a wurin US Robotics yana nufin a daidaita gudun saƙo ta wayoyin haɗi. Sabon kuwa ɗan zuriyar kamfanin Rockwell ne, bai san &H1 ba, nasa &K3. Abin da ya ba ni dariya, &K ɗin nan a gidan US Robotics maganar matse bayanai ce. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kamar jika a bakin Bamaraɗe da jika a bakin kaka.

Ya goge layin umarnin, ya sa AT&F&K3. Sai kuma NO DIALTONE, alhali ga ƙarar layi muna ji da kunnenmu. Ya ƙara X3 don modem ya daina jiran ta, ya buga kawai. Kukan nan na ƙiii ya tashi, takarda ta wuce.

Jika biyu ya karɓa, bai ce in sayi ko fis ba. Aibinsa surutu: gyaran minti goma ya ci mini awa biyu, har da labarin rigimar tsare-tsaren modem biyu, X2 da K56flex, da aka sha kafin tsarin V.90 ya raba gardama a 1998, abin da ban tambaya ba. Kuma ba ya rubuta wa mutum komai. Ni na ari bironsa na kwafe umarnin a bayan kwalin, yanzu yana liƙe jikin bangon shagona. In za ku je, ku je da hantsi. Da azahar ta yi, sai la'asar ake sake ganinsa.