Masu motoci a Garwa, ku yi hattara da mai tallar kamarar "kallon mota daga gida"

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni zan faɗa, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ina da mota ɗaya da direba ke jigila da ita tsakanin Garwa da Ngaundere, kuma duk mai mota ya san zaman zullumin da ake yi idan ta kama hanya. A wani zauren WhatsApp na ga wani yana tallar kamarar da ake mannawa a gilashin gaba, wai tana haɗuwa da waya ta Wi-Fi, kana kishingiɗe a gida kana kallon duk inda motarka take. Har ƙofar shagona ya zo, ya manna ta, ya haɗa da wayata. Sai ga titi tar a allo, har da wata akuya da ke tsallakawa. Ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji." Na ƙirga masa sefa dubu 45.

Washegari mota ta tashi, ba ta sha kwanar layinmu ba hoto ya tsaya cak. Na kira shi, ya ce ai sai an biya kuɗin buɗe layi, dubu 5 duk wata. Na tura (ku bar ni da kunyata). Daga nan ya aiko wata manhaja ta WhatsApp, wai in sauke. Allah Ya sa ɗan yayata mai gyaran waya a babbar kasuwa yana kusa. Da ya ga manhajar na neman izinin karanta saƙonnin tes, sai ya fizge wayar ya ce, "Kawu, ina ruwan kamara da saƙonninka? Ta nan lambobin sirrin asusun kuɗinka ke shigowa."

Shi ya warware mini zancen. Wi-Fin irin wannan kamara ba intanet ba ne. Ita kanta ke watsa shi, kuma bai wuce 'yan mitoci kewaye da mota ba, amfaninsa ka zauna ciki ko ka tsaya gefe ka kwashe bidiyo zuwa wayarka. Ba ya cin data, ba a biyan ko sisi, manhajarta kyauta ce a Play Store. Wadda ake kallo daga nesa dole tana da 4G da layin waya nata, ko wani intanet a cikin motar, tawa kuwa ko ramin sa layi babu. Lambar sirrin Wi-Fin da mai tallar ya yi ta ɓoyewa yana dannawa a wayata ma 12345678 ce, wadda irinsu da yawa ke zuwa da ita daga kamfani.

Memorin da ya haɗo mini an rubuta 128 GB a jiki. Da aka gwada a kwamfuta, bai wuce 8 ba, tafiyar yini guda rabin bidiyon ba ya buɗewa.

In ya zo muku, kada ku gwada a tsaye. Ku riƙe wayar, a ja motar ta yi nisa da ku, sannan a yi maganar kuɗi. Lambarsa a kashe take tun ranar Laraba, amma da bakinsa ya ce mini yana kai kaya Marwa da Kusiri, to 'yan can ku sanar da masu motocinku.