Kayan farautar Alhaji daga Afirka ta Kudu: ɗanye ko cusasshe, jirgin sama ko na ruwa

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai tambaya, na ga saƙonka tun jiya ina bakin duwan shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Alhajin da kake ma aiki ya tahi farauta Afirka ta Kudu cikin watan 7, ya harbi ɓauna da mariri da jakin dawa, yanzu mutanen can sun aiko suna tambaya a zaɓa, ko a turo kayan, wato hwatu da kawuna da ƙahoni, ɗanye ko a cusa su can, kuma ta sama ko ta ruwa, shi kuma Alhaji so yake ya rataye su a sabon gidanshi na Tawa da wuri. To bari in jera maka su kusa da kusa yadda na san aikin.

Abin da nike so ka fara gaya ma Alhaji, jirgi ba shi ne ke cin lokaci ba. Mutane da yawa suna ɗauka da an ce jirgin sama to mako mai zuwa kaya sun iso, ina! Watannin can suke ƙarewa, a wurin gyaran hwata da kan teburin masu sa hannu.

Ɗanye, wanda su can suke ce ma dip an pak. A nan ba a yi ma dabbar komi na ado, hwatar ce ake jibga ma gishiri mako biyu ko fiye har ta bushe ƙamas kamar katako, a dahwa ƙoƙon kai a cire duk wani nama, a wanke shi ya yi hwari, a tsoma ƙaho da hwata cikin maganin ƙwari, sannan kowane guda a ɗaura mishi lamba da sunan maharbi. Aikin da kanshi ba shi da tsawo, amma layi ne. Lokacin farautarsu shi ne sanyinsu, wajen watan 5 zuwa watan 8, to duk maharban Amurka da Turai lokacin suke can, kuma mai gonar farautar ba kullum yake kai kaya wurin masu gyara ba, sai ya tara da yawa ya kai gaba ɗaya. Ga takardar likitan dabbobi na gwamnati, ga izinin fitarwa na lardin da anka yi farautar, don ƙasar lardi 9 gare ta kuma kowane da ofishinshi da saurinshi. Idan komi ya tahi daidai ka lissafa wata 3 zuwa 6 kafin akwati ya tashi, sau da yawa ya wuce haka. Kuma in kaya sunka faɗa tsakiyar watan 12 to sai haƙuri, ma'aikatu da yawa can rufewa suke har farkon sabuwar shekara.

Cusasshe kuma, wato a jeme hwatar a ɗinka ta bisa ƙirar dabbar, a sa mata idon gilas, a mai da ƙahon wurinshi, ta fito kamar za ta yi numfashi. Wannan duk abin da na faɗa a sama sai an yi shi, sannan a shiga layin jima, sannan layin mai ɗinki. Shekara guda zuwa shekara da rabi shi ne abin da ake ji kullum, wurin da ke da suna da tarin aiki ma har shekara 2. To bambancin ɗanye da cusasshe kusan shekara ne cur.

Sai dai ɗanyen ga, mi za a yi da shi in ya iso Yamai? Ba'amurke shina son ɗanye don gida akwai mai cusa mishi. Mu nan majemanmu gwanaye ne wallahi, wanda ya riƙe hwatar jar akuyar Maraɗi da anka jeme da bagaruwa ya san haka, amma jimar takalmi da jaka daban, jimar da za ta bar gashi da leɓe da fatar ido yadda suke daban. In Alhaji ya karɓi hwatar ɓauna ɗanya ya aje ta a magaza, zafin watan 4 da ƙwari su za su gama da ita. Don haka saurin nan na ɗanye, a wurinmu saurin banza ne, sai in ƙoƙon kai da ƙaho kaɗai yake so.

Yanzu hanya. Ta sama, da zarar takardu sun cika, kwanaki ne zuwa mako biyu ko uku, don daga Johanasbag sai an sauya jirgi a hanya kafin Yamai. Matsalarta kuɗi, kuma ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, girman akwati suke bi. Tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 6000. Akwati mai 100 da 80 da 60 kilo 80 ke nan, amma ka sa kan ɓauna cusasshe da na mariri mai dogon ƙahon nan akwati ya koma 120 da 100 da 100, to kilo 200 za ka biya ko da a sikeli bai kai rabin haka ba. Kuma ba kowane kamfani ke ɗauka ba. Tun 2015 da anka kashe zakin nan Cecil kusa da gandun Hwange a Zimbabuwe duniya ta ɗauka, kamfunan jiragen Amurka Delta da United da American sunka daina ɗaukar zaki da damisa da giwa da karkanda da ɓauna, wasu kamfunan ma sunka sa nasu sharuɗɗa. Tunda akwai ɓauna cikin kayanku, a tambayi wanda zai ɗauka tun kafin a buga akwati.

Ta ruwa ta fi araha in kayan da yawa, amma mu nan Nijar ba mu da teku, kowa ya san abin da wannan ke nufi. Akwati guda ba ya cika kwantena, sai a jira a haɗa da kayan wasu, wannan jiran kaɗai kan ci makonni. Sannan tahiyar ruwa daga Durban, sannan tashar da jirgin ruwan zai sauke. Da can Kwatano ce, amma tun 2023 da iyakarmu da Benin ta Gaya ta rufe sai Lome, a bi Wagadugu, Kaya, Dori, Tera, ana jiran rakiyar soja, ƴan'uwa direbobi da ke cikinmu sun fi ni sanin kwana nawa ake yi a zaune ƙarƙashin mota. Bayan Yamai kuma ga kilomita kusan 550 zuwa Tawa. Ka ƙara wata 2 zuwa 4 cikin lissafinka, kuma duk wannan lokacin hwata tana cikin ƙarfe mai zafi da laima.

Na taɓa ganin abin da idona. Wani akwati ya biyo ruwa ta hannun wani kamfani, munka buɗe shi a magaza, warin gishiri da magani ya buge mu, na sa hannu na shafa wuyan hwatar sai gashi ya biyo tafina kamar ana tsefe auduga. Mai kayan tsaye yake bai ce uffan ba, ya duƙa ya ɗauki lambar da anka ɗaura ma kunne yana juya ta. Har yau abin na min ciwo, dabba ta mutu, kuɗi sun tahi, ba a samu ko abin shimfiɗa ba.

Sai maganar CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin dabbobin dawa. Ɓaunar can da maririn can ba su cikin jerin dabbobin da ta sa ma ido, amma jakin dawa ka tambaya wane iri ne, na fili ba shi ciki, na dutse shina ciki kuma sai da izininshi daban. Izinin fitarwa na CITES wata 6 kaɗai yake aiki, in anka fidda shi da wuri kaya sunka zauna jiran kwantena ya mutu, to an koma farko. Nan gida ma ka je wurin ma'aikatan gandun daji da likitan dabbobi tun yanzu ka ji takardun da suke so, kada ka bari sai akwati ya sauka kuɗin ajiya na hawa kullum.

In ni ne, tsakiya zan bi. Kan ɓauna da na mariri a wanke ƙoƙon a kafa bisa allo da ƙahonsu, jakin dawa a jeme shi can ya zama shimfiɗa, duka su shiga ƙaramin akwati su biyo sama. Jimar za ta ƙara ƴan watanni bisa na ɗanye amma ba za ta kai na cusawa ba, kuma abin da ya iso ranar nan za a iya rataye shi. In kuwa Alhaji ya kafe sai kan ɓauna da idonshi da hancinshi, to a cusa can, a turo ta sama, ka gaya mishi gaskiya tun yau cewa sai baɗi ko bayan baɗi, bangon zauren ya jira.

Ka ce su aiko maka jerin dabbobin da sunansu na takarda da awon akwatin da suke hasashe, ka turo min ta gefe in buga maka lissafin kilo kafin Alhaji ya amsa musu.