Gidan tarihin soja na Kumasi: ziyarar da ta fahimtar da ɗana tsarin rundunar ƙasa

Ɗana na fari ya ƙudurta shiga aikin soja, amma da na tambaye shi wanda ke gaba tsakanin saje da laftanar sai ya yi shiru. Dalilin da ya sa ke nan muka tashi daga Aboabo ranar Asabar muka nufi tsohuwar ganuwar Kumasi da ke Adum, wadda yanzu ita ce gidan tarihin rundunar tsaron Ghana.

Ginin kansa ya isa a zo dominsa. Turawan Ingila ne suka sake gina shi a 1897, kuma a cikinsa mayaƙan Asante suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci mayaƙan. Bahaushe ba zai tsaya a wurin nan ba tare da jikinsa ya yi sanyi ba, domin sojojin da suka tsare ganuwar a wancan lokaci da yawansu Hausawa ne, 'yan rundunar da aka kafa a 1879, wadda a 1901 ta koma rundunar Gold Coast, wato tsohon sunan Ghana. Kakana ma ya yi yaƙin Burma, ya dawo da igiya uku a hannun riga, saboda haka na daɗe a gaban hotunan mazan jiyan nan ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Bindigogin da aka ƙwato daga Italiyawa da Japanawa da motocin sulke na farfajiya kuwa, su ne suka fi ɗaukar hankalin yaron.

Abin da ya fi komai amfani shi ne jagoran da ya zagaya da mu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, yaron nan so yake ya zama kurtu, a taimaka a warware masa yadda umarni ke saukowa." Bai nuna gajiya ba. Ya faro daga ƙasa: rukunin mutum kamar goma yana hannun kofur, irinsa uku su haɗu ƙarƙashin laftanar wanda saje ke dafa wa, sannan kamfani a hannun manjo, bataliya kuma a hannun laftanar-kanar. Ya ɗan tsaya a kan samanja, yana cewa ko da yake ba hafsa ba ne, ladabi da tarbiyyar bariki a wuyansa suke. Daga nan ya hau sama, ya nuna cewa bataliyoyi suna amsa umarnin shiyyoyi uku, ta kudu a Accra, ta tsakiya a nan Kumasi, ta arewa a Tamale, su kuma suna ƙarƙashin babban hafsan sojan ƙasa, shi kuma yana ƙarƙashin babban hafsan tsaro, har a kai ga shugaban ƙasa, wanda tsarin mulkin 1992 ya ba matsayin babban kwamanda.

Sai a ranar na san cewa barikin Uaddara, mazaunin bataliya ta 4 da muke wucewa kullum, ya samo sunansa ne daga wani fagen daga a Habasha inda sojojinmu suka gwabza a 1941, kamar yadda barikin Myohaung na Takoradi ya samo nasa daga Burma.

Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya ware aƙalla awa biyu, ya kuma tafi da tambayoyinsa a shirye, domin kayan da aka baje sun fi karkata ga tarihin yaƙe-yaƙe, tsarin rundunar na yau kuwa daga bakin jagora ake samunsa. A tasin da ta mayar da mu gida, yaron ya jero mini muƙaman daga kofur har janar bai tsallake ko ɗaya ba, sannan ya ce, "Baba, ashe kakanka saje ne."