Ranar da na ɗaga zomo da kunne a Mancesta

Shekara uku ke nan ina Mancesta a ƙasar Ingila, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na ɗaga zomo da kunnuwansa a gaban mutane ba. Wata takwas da faruwar abin, amma har yau idan na tuna sai in ji fuskata ta ɗau zafi.

'Yata Ummi, mai shekara tara, ita ta matsa. Wata ƙawarta a makaranta tana da zomo a ɗakin kwananta, sai ta dawo kullum da zancensa. Kare dai ba ma ajiyewa, mage kuma mamanta ba ta son gashinta. Da ta ambaci zomo har daɗi na ji, don na ga abin da na sani ne. Tun ina firamare a Tudun Wadar Zariya nake kiwonsu, akwai lokacin da na tara goma sha huɗu a akurki bayan madafi. Na shiga shagon kayan dabbobi na sayi keji mai tsawon kamu biyu a kan fam 45. Wani abokin aikina ya ce kada in sayi zomon a shago, in je irin gidajen nan da ake tara waɗanda masu su suka gaji da su.

Ranar Asabar ce, ana yayyafi, bas biyu muka hau. Wurin doguwar rumfa ce tsaf-tsaf, sai ƙamshin busasshiyar ciyawa. Wata Baturiya dattijuwa mai aikin sa-kai ta buɗe mana wani shinge, Ummi ta nuna wani mai ruwan toka ta ce shi take so. Ban yi wani tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na haɗa kunnuwan biyu na ɗaga shi sama, shi kuma ya shiga shure-shure. Ihun da matar nan ta yi sai da kowa ya waiwayo. Ta karɓe shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallafe gindinsa, ta manna shi a jikinta. Hannuwanta rawa suke yi. Wani yaro ya tambayi uwarsa me mutumin ya yi wa zomon. Ummi ta ja hijabinta ta rufe fuska. Matar ta tambaye ni inda na koyi haka, na ce a garinmu haka ake ɗaukarsa. Ba ta ce komai ba, amma kallon da ta yi mini ya fi zagi ciwo.

Da na nuna mata hoton kejin a waya, nan ma ta girgiza kai. Ta ce ba sa bayar da zomo sai an tanadar masa fili mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da tsayin mita 1, wanda shi ne ma'aunin da ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta ƙasar, RWAF, take yaɗawa. Kuma ba sa bayar da ɗaya tilo, sai biyu, don zomo ba ya jure zaman kaɗaici. Kafin nan ma sai sun zo sun ga gidan da idonsu. Haka muka juyo hannu rabbana. A cikin bas Ummi ba ta ce uffan ba sai da muka kusa sauka, sannan ta ce, "Abba, ya ji ciwo ne?"

Daren nan na yi ta faɗa a ɗaki. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma ina ganin dattawan da daga wannan Kirsimeti sai wata Kirsimetin ake leƙo su, wasu ma ko hakan ba sa samu. Mutanen da suka iya barin uwa ta shekara ba ziyara, su ne za su tara mini jama'a a kan kunnen zomo? Har gobe ina kan wannan maganar, ban janye ta ba. Maman Ummi ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Abban Ummi, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma yarinyar nan tambaya ta yi maka, ba ka ba ta amsa ba."

To, na nemi amsar. Kunnen zomo guringuntsi ne mara kauri, cike da jijiyoyin jini, da shi yake rage zafin jikinsa tunda ba ya gumi irin namu. Ba a halicce shi don ɗaukar nauyi ba. Ƙasusuwansa ba su da kauri, ƙafafunsa na baya kuma ƙarfi gare su, don haka idan yana reto a sama yana shure-shure, yana iya karya bayansa da kansa. Da na ji wannan sai na tuna da wata farar zomanyata da ta wayi gari tana jan ƙafafun baya a ƙasa. Muka ce iska ce ta buge ta, aka yanka. Kullum da kunne nake fito da ita in nuna wa abokaina. Na daɗe zaune a bakin gado ina tunaninta.

A nan abin har da doka. Dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai dabba nauyi biyar: muhallin da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama da 'yan uwanta ko ita kaɗai gwargwadon halittarta, da kare ta daga ciwo da wahala. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA, wadda ke nan tun 1824, har kotu take kai mutane a kan irin wannan.

Na so in haƙura, Ummi kuma ta daina zancen kwata-kwata, shirun nata ne ma ya hana ni sakat. Muka kwashe teburin cin abinci muka killace wannan ɓangaren falon. Sai kuma batun mai gida, don a gidan haya ba ka shigo da dabba sai da izini a rubuce. Mako biyu ina aika saƙo, daga ƙarshe ya yarda bayan ya ƙara fam 20 a kan hayar kowane wata. Ranar duba gida, matar nan dai ce ta zo, da tef ɗin awo a jaka. Ta auna, ta durƙusa ta leƙa bayan kujera tana neman wayoyin wuta, ta ce a sa su cikin bututun roba. Maman Ummi ta kawo mata shayi da cincin. Tana sha ta ce mini ta taɓa ganin zomon da bayansa ya karye a hannun mai shi, shi ya sa ta kasa riƙe bakinta ranar. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban nema ba, amma mun rabu lafiya. Suka ba mu mai ruwan tokan da wata baƙa, an dandaƙe namijin, an cire wa macen mahaifa saboda sankarar mahaifa tana yawan kama su idan sun manyanta, an yi musu allura, kowanne da katinsa na asibiti.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsafta. Aka ajiye musu tire a lungu da ciyawa a kai, cikin kwana uku nan kaɗai suke zuwa su yi fitsari, kamar mage. A mazhabarmu ta Malikiyya ma fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, amma duk da haka ɗakin da muke salla a rufe yake, tun ranar da baƙar ta gutsure gefen sallayar Maman Ummi. Ɓarna kam suna da ita. Cajar waya uku, gefen kafet, ƙafar kujera. Ba mugunta ba ce, haƙoransu ne ba sa daina tsiro har su mutu, dole su yi ta gwaguya.

Shi ya sa kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinsu busasshiyar ciyawa ce, ita ke goge haƙoran, ita ke motsa hanjin. Sauran ɗan ganye ne da 'yan ƙwayoyin abinci da ba su cika tafin hannu ba. Karas kuwa, da kowa ke ɗauka abincin zomo ne, kamar alewa ce gare su, ɗan yanki ake ba su jefi-jefi. Ciyawar nan kuwa, ingirici fa nake nufi, 'yan uwa, ingirici a cikin leda mai hoto, fam 10. Ranar da na fara biya sai zuciyata ta koma gida. Na tuna mu da lauje bayan an tashi daga makaranta, muna yankar ciyawa a bakin rafi, da ƙamshin harawar gyaɗa da ake jibgewa a kan rufin ɗaki da kaka. Na tsaya a gaban kanta da leda a hannu, kewar Zariya ta kama ni kamar zazzaɓi.

Sai wani maraice na ga abin da ban taɓa gani ba. Mai ruwan tokan ya zabura da gudu daga wannan bango zuwa wancan, ya daka tsalle, ya murɗa jikinsa a sama yana kaɗa kai, ya dira, ya sake. Na ɗauka farfaɗiya ce. Ummi tana ta dariya ta ce murna yake yi, haka suke yi idan ransu ya yi fari. Shekara kusan bakwai na yi ina kiwon zomaye, ko sau ɗaya ban ga wannan tsallen ba. A ina za su yi shi? Akurkin nawa ko miƙewa tsaye ba sa iya yi a ciki.

Kada ku ɗauka komai na nan daɗi ne. Mutum yana zuwa asibitin gwamnati kyauta, amma dabba ba ta da wannan gatan, kuma likitan dabbobi a ƙasar nan kasuwa ce sosai. Wani dare mai ruwan tokan ya ƙi cin abinci, ya takure a lungu. An riga an gargaɗe mu cewa zomo ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa, idan ya yi awa goma sha biyu bai ci ba to rai ake magana. Ƙarfe sha ɗaya na dare na ɗauki tasi. Kafin a taɓa shi sai da aka nemi katin banki. Dubawa da allura da magani da abincin da ake ɗura masa da sirinji suka tashi fam 310, ga shi ban yi masa inshora ba, don a lokacin ina ganin inshorar zomo almubazzaranci ne. Ku lissafa da kuɗinmu ku gani. Wannan watan abin da nake aika wa Hajiya ya yi jinkirin mako biyu, kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Ta yi shiru a waya, ta ce, "Zomo a asibiti?" Can kuma ta ce, "To ai kai ka tsare shi. Ka san hadisin matar da ta kulle mage. Allah ya ba shi lafiya." Ya warke bayan kwana huɗu.

Ga allurar rigakafi duk shekara, ko da zomon bai taɓa taka waje ba, saboda ƙuma da sauro suna shigo da cuta har cikin ɗaki. Turawan nan suna da dalilin tsoro, cutar miksomatosis da ta shigo ƙasar a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen dajinsu. Akwai kuma mai sa zubar jini a cikin jiki, wadda ke kashewa farat ɗaya. Amma su ma suna da nasu sakacin. Gidajen tara zomayen nan cike suke da zomayen da aka saya wa yara lokacin bikin Ista, aka manta cewa dabbar tana kai shekara 8 zuwa 12, da ɗoki ya wuce sai a kai ta can a ajiye.

Mu kuma namu ya fi ƙona mini rai, don ba na rashin kuɗi ba ne. Ban ce kowa ya shigar da zomo falo ba, kuma ban ce a daina ci ba, halal ne, ni ma na tashi da romonsa. Amma ku je kasuwa ku ga yadda ake cusa goma a kejin waya ɗaya, a ajiye su a tsakiyar rana. Ku tuna zancen da muka gada wai zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Ƙarya ce, yana sha, kuma da yawa. Duk bazara, cikin Maris da Afrilu, zomayena sukan yi ta mutuwa a ƙarƙashin rufin kwano, mu ce annoba ce ta shigo, alhali zafi ne da ƙishirwa. Ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI nan a Shika, kusa da mu, amma ko sau ɗaya babu wanda ya yi tunanin mu je mu yi tambaya. Inuwa da kaskon ruwa da ɗan fili, nawa za su ci? Mun fi Bature ciyawa, mun fi shi harawa, mun fi shi filin tsakar gida.

Makon jiya ɗan ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga Zariya, shekararsa goma sha biyu, yana da guda shida. Yana ɗoki ya ce, "Baffa, bari ka ga babbar." Ya zura hannu a akurki ya fito da ita da kunne. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, har yaron ya firgita ya sake ta. Na ga fuskarsa ta canza, na san abin da yake ji, sai na sassauta murya na ba shi haƙuri. Ummi ta karɓi wayar ta jingina ta da kofi, ta zauna a ƙasa, ta ɗauko mai ruwan tokan a hankali. "Yaya, ka ga, hannu ɗaya a nan, ɗaya a nan." Ya gwada sau biyu kafin ya iya. Sannan ya ce, "Baffa, wai da gaske suna shan ruwa?" Na ce ya je ya ɗebo a kasko ya ajiye musu, kada ya kashe wayar. Ya ajiye ya ja da baya. Babbar ce ta fara matsowa, ta shinshina, ta sa baki, sauran biyar suka biyo ta suna ture juna.